Mijin Rahmatu

Da hantsi ne, ina ɗakin karatu na kwalejin da nake aiki, ina manna bangon wani ƙamus da ɗalibai suka yi wa kaca-kaca, sai wani mutum ya shigo yana tambayar Malam Yazid, wato ni. Gajere ne, yana rataye da farar rigar likitoci a kafaɗa. Ya ce sunansa Dokta Istifanus, likitan tiyata. Daga harshensa na gane mutumin Filato ne, amma ya daɗe a Katsina, don bai yanke gaisuwa ba. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, da aiki, da zafin gari, da iyali. Na ce iyali lafiya lau, kamar yadda duk wanda matarsa ta rasu yake cewa don a wuce wurin.

Da gaisuwa ta ƙare sai ya tsaya yana kallona, kamar akwai abin da na rage.

"Malam," in ji shi, "ba ka tambaye ni mai jiki ba."

"Wane mai jiki?"

"Matarka mana. Hajiya Rahmatu. Tun makon jiya tana kwance a wurinmu, ko sau ɗaya ban ga ƙafarka ba. Ta ce ka yi tafiya, sai na duba fayil ɗinta na ga inda kake aiki. Ga ka nan kana liƙa littafi."

Shekara uku ke nan da rasuwar Rahmatu. Ni da kaina na shiga kabarinta a maƙabartar Ɗanmarna, na kwantar da ita a gefen dama, na kwance ƙullin likkafani. Babu wanda ya ba ni labari. Na buɗe baki in gaya wa likitan haka, sai na ji abin da ya fito daban.

"Tana magana?"

"Tana magana, amma ba ta ci. Taso mu tafi."

Na bar ƙamus a buɗe, gam yana bushewa a kansa, na bi shi. Na karanta littattafai da yawa a kan yadda hankalin ɗan Adam yake aiki, kuma babu ko ɗaya da ya hana ni, tsakanin ƙofar kwaleji da motar likitan, tunanin ko ta rame, ko za ta yi mini faɗan rigar da na saka ba guga.

A hanya ya yi mini bayani, yana tuƙi yana huci. Ya ce ai na san aikin da aka yi mata a Alƙahira. Na kau da kai ina kallon titi, shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin kunya. Ya ce likitocin can sun ɗaure mata bakin tumbi da wani zobe na roba, don abinci kaɗan ya riƙa isarta, ƙiba ta sauka. Ƙiba ta sauka kuwa. Amma zoben ya zame daga inda aka sa shi, ya shaƙe hanya, yanzu ko kunu ta sha sai ya dawo. In ba a buɗe an cire shi ba, yunwa za ta kashe ta a gaban kwanon abinci.

Sai ya koma kan 'yan inshora. Tun da soja suka koma bariki farar hula suke yi mana alkawari, kuma cikin 'yan kaɗan da suka iso hannunmu akwai katin inshorar lafiya na ma'aikatan tarayya: ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu. Maganar mata ɗaya ta tayar da ƙura a gidajen abokan aikina. Ni ba ta dame ni ba. Mun je an ɗauke mu hoto, ni da Rahmatu, ta sa katinta a jaka, ciwon suga bai ba ta lokacin morarsa sosai ba.

"Cewa suka yi aikin rage ƙiba kwalliya ne," in ji likitan, "kuma gyaran kwalliya ma kwalliya ne, ba sa biya. Na ce musu matar da ruwa ba ya wuce mata wace kwalliya take nema? Na kira Kaduna, na kira Abuja, har muryata ta dushe. Da ƙyar suka yarda toshewar ciki ce, suka ba da izini. In na bari izinin nan ya wuce, sai an faro daga farko, ita kuma ba ta da wannan lokacin. Gobe nake so in shiga da ita, abin da ya rage sa hannun miji. Asibitinmu ba ya yanka matar aure sai mijinta ya sa hannu. Ba ni na kafa dokar ba, mutanenku ne suka kashe mana gwiwa da kai ƙara kotu."

A ɗakin mata, gado na kusa da taga, wata mata ce kwance an sa mata ƙarin ruwa. Wata dattijuwa tana yi mata fifita. Hannun da ke kan zane siriri ne kamar kara, fata ta yi mata yawa, tana lilo a damtse kamar rigar aro. Ban san ta ba. Na ji wani abu ya sauka a ƙirjina, ban san ko sauƙi ne ko takaici ba.

Sai ta buɗe ido ta gan ni, ta ce, "Innalillahi."

Muryar Rahmatu ce. Na dafa ƙarfen gado. Mutum ɗaya ce a duniya take da wannan muryar bayan matata, kuma rabona da ita tun sadakar arba'in, lokacin da kujerar roba ba ta ɗaukarta sai an haɗa biyu.

Haulat ce, ƙanwar Rahmatu.

Likita ya ce zai bar mu mu gaisa, zai dawo da takarda. Dattijuwar, wadda daga baya na ji sunanta Jummai, maƙwabciyarta ce, ta tattara fifitarta ta fita da saurin wanda ya san abin da ke tafe.

"Maigida," in ji Haulat, a hankali. Haka take kirana tun tana yarinya, irin wasan da ke tsakanin mutum da ƙanwar matarsa. "Ka tsufa."

"Ke kuma kin mutu," na ce. "Ni na binne ki. Ya hanya?"

Ta rufe ido. Ta ce jakar Yaya ce ta faɗo mata a rabon kaya, katin yana cikin aljihun ciki. Ba ta taɓa shi ba sai da ciwo ya cinye jarinta. Da can tana saro dogayen riguna da turare daga Alƙahira tana sayar wa matan manya. Macen da ba ta iya tsayuwa kuwa ba ta fatauci. Hoton katin fuska ce mai faɗi cikin hijabi, kuma duk wanda ya duba ya ga ba su yi kama ba, sai ta ce ai ramar ce ta kawo ta.

"Ban tambaye ki kati ba," na ce. "Me ya kai ki kika bari aka ɗaure miki ciki kamar bakin buhu?"

Ta ja zane ta rufe siririn hannunta.

"Ranar da Yaya ta rasu ina bayan ƙyaure," in ji ta. "Na ji da kunnena ana cewa makarar unguwa ba za ta ɗauke ta ba, a tahi a aro ta wani masallaci. Na ji wani yana cewa a ƙaro majiya ƙarfi. Har dariya wani ya yi, Malam. Ƙasa-ƙasa, amma na ji."

Ni ma na ji dariyar a ranar. Na san mai ita, har yau muna haɗuwa a sahu.

"Na ce ni ba za a aro mini makara ba."

"To ai kin yi nasara. Yanzu yaro ɗaya ma ya ishe ki."

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya zama yunƙurin amai, babu abin da ya fito. Na riƙe mata kwano. Da abin ya lafa sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka sa hannun, don Allah. Layi ɗaya ne. Ina so in sha ruwa ya zauna."

Na fita kafin likita ya dawo. Na hau ɗan acaɓa zuwa unguwar Gobarau, gidan yayan su Haulat, Alhaji Baƙo, mai sayar da hatsi. Na same shi a zaure yana yanke farce. Ya yi mamakin ganina, don tun bayan arba'in ban taka gidan ba. A ranar ce dangi suka tara ni suka ce, bisa al'ada, ga Haulat, aurenta ya mutu, iddarta ta cika, in maye gurbin yayarta da ita kada zumunci ya yanke. Na ce musu mata na rasa, ba buta ba. Maganar ta zaga dangi, kuma ta rufe mini ƙofofi da yawa, abin da ban ƙi ba.

Na tambaye shi ina Haulat. Ya sunkuyar da kai, ya ce ta tafi Funtuwa wurin wata gwaggo, canjin iska. Sai ya matso, ya rage murya.

"Malam, kai na gida ne. Ciwon nan ne na zamani. Ka gane. Mace mai yawon ƙasashe, ga rama dare ɗaya, ga amai. Mun ware mata kofi da kwano, muna ta addu'a. Allah dai ya rufa asiri."

"Ba ta Funtuwa," na ce. "Tana asibiti, kuma ba ƙanjamau gare ta ba."

Na gaya masa komai, zobe da Alƙahira da kati. Ya saki reza. Bakinsa ya tsaya a buɗe har na fara tunanin ko shi ma likita zai nema.

"Tsaya," in ji shi. "Kana nuhin ita ta biya? Da kuɗinta? Don a hana ta cin abinci?"

"Da kuɗinta."

"Gidan hatsi! Ɗiyar gidan hatsi ta hau jirgi ta tahi a ɗaure mata ciki! Mi aka yi mata? Wa ya ce ƙiba laihi ce? Uwarmu ƙofar ɗakinta sai da aka faɗaɗa, kuma kowa na cewa ga matar da ta ji daɗin aure!" Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. "Kuma ta bari muna ware mata kofi? Ta gwammace a ce mata mai wancan ciwon?"

"Ta san ku," na ce. "Wancan ciwon za ku ce ƙaddara ce. Wannan kuwa za ku yi ta ba da labarinsa a gidan biki har jikokinku."

Bai musa ba. Ya goge ido da hannun riga, sannan ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka. Ya ce to abin ai ya zo da sauƙi, tunda gwamnati ta yarda za ta biya. In je in sa hannu kawai. Wa zai sani?

Na ce masa ba zan rubuta cewa ni mijin matar da ba tawa ba ce. Ya ce shi zai sa. Na ce katin ya ce tana da miji, kuma likita ya ga mijin da idonsa yana liƙa littafi. Ya ce to a gaya wa likita gaskiya. Na ce in an gaya masa, ko dai ya janye izinin da ya sha wuya a kansa a koma layi, Haulat ta mutu ana buga waya, ko kuma ya yi shiru ya zama abokin laifi, mutumin da bai yi mana komai ba sai alheri.

"To mi kake so a yi?" Baƙo ya daka mini tsawa. "Kai komai sai ka kawo mashi littahi! Ƙanwata na mutuwa kana tace magana!"

Ladan ya fara kiran Azahar. Na zauna ina kallon buhunan gero da aka jera a zauren, ina lissafin ƙaryar da ke cikin takardar likita. Guda biyu ce: sunan mai jinya, da kalmar miji. Ta farko ba ni na yi ta ba, kuma ba ni da ikon gyara ta kafin gobe. Ta biyu kuwa a hannuna take.

"Tayin da kuka yi mini ranar arba'in," na ce, "yana nan, ko ya lalace?"

Baƙo ya dube ni kamar na yi magana da wani yare.

"Butar?" in ji shi.

"Ita."

Ya ce shi waliyyi ne, amma bazawara ba a ɗaura mata aure sai da bakinta. Muka koma asibiti tare a motarsa ta ɗaukar hatsi. Da ya ga ƙanwarsa sai ya tsaya daga nesa, ya kasa ƙarasawa. Sai can ya ɗauki kofin da ke kan durowarta, ya zuba ruwa, ya shanye a gabanta, ya ajiye.

Ni na yi maganar, a tsaye, ba ado. Haulat ta saurara har na gama.

"Ka ƙi ni ina da nama," in ji ta, "yanzu za ka kwashi ƙashi?"

"Ƙashi ya fi sauƙin ɗauka."

"Don takarda za ka aure ni."

"Don takarda. Ban ɓoye miki ba."

"In na tashi fa? Ka sake ni a bakin ƙofar asibiti?"

Wannan ban shirya masa ba. Na ce mata ban taɓa sakin mace ba, kuma na tsufa da koyon sabon abu. Ta juya fuska wajen taga. Jummai, wadda ta dawo ta laɓe a bayan labule, ta ce, "Ke, amsa mashi mana, kina da wani ne a ajiye?"

"Na yarda," in ji Haulat. "Amma ka sani ba na son ƙurar littattafan nan naka."

Bayan La'asar aka ɗaura a masallacin unguwarsu Baƙo, da mutanen da sallah ta tara. Sadaki abin da ya sawwaƙa, goro kuwa daga teburin bakin masallaci aka saye shi. Liman ya tambayi sunan amarya, Baƙo ya ce Haulat, da ƙarfi, shaidu suka ji. Aka shafa fatiha. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce Allah ya sa a daɗe ana yi, ya tambaya yaushe za ta tare. Na ce sai likita ya gama da ita.

Kafin magariba na sa hannu. Dokta Istifanus ya nuna mini layin da yatsa, ya ce, "Dangantaka." Na rubuta miji. Sunan da ke saman takardar ne na ƙi kallo.

"Ka ga abin da bai fi minti ɗaya ba," in ji shi. "Ku maza sai an je an kamo ku."

Washegari da safe suka shiga da ita. Muka zauna a kan bencin siminti, ni da Baƙo da Jummai. Baƙo yana jan carbi, Jummai tana gyangyaɗi. Ni kuma wani tunani ya zo ya zauna mini, ya ƙi tashi: in Haulat ba ta fito ba, takardar da asibiti zai ba ni za ta ce Rahmatu ta rasu. Zan karɓi shaidar mutuwar mace ɗaya sau biyu. Ita kuma wadda ta hau jirgi don kada a yi dariya a kan makararta, za ta bar duniya ba tare da an rubuta ko'ina cewa ta bar ta ba. Na tashi na yi alwala, na dawo, na sake tashi na yi wata.

Rana ta take sosai sannan ƙofa ta buɗe. Wata nas ta leƙo, ta duba fayil, ta ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji.

"Mijin Rahmatu!"

Baƙo ya daina jan carbi. Na ji sunan ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Shekara uku babu wanda ya kira ni haka. Kafin in yanke shawarar abin da ya kamata, na tarar har na miƙe, na ce, "Ga ni."

Likita ya fito da ɗan kwanon ƙarfe, don a nan ba a yarda an yi tiyata ba sai dangi sun ga abin da aka ciro. A ciki ga wani farin zobe na roba da ɗan siririn bututu, bai fi abin da ake ɗaure tiyo da shi ba. Baƙo ya leƙa, ya ja da baya.

"Wannan ne?" in ji shi. "Wannan ɗan abin?"

"Shi ne," in ji likita. "Ta yi sa'a, tumbin bai ruɓe ba. Gobe za mu gwada ta da ruwa, cokali-cokali." Ya juyo gare ni. "Malam, ka kula da Hajiya Rahmatu. Ba kowa ake ba wa matarsa sau biyu ba."

Baƙo ya kama tari. Ni na ce na gode.

Da aka dawo da ita ɗaki tana cikin magagin allura. Nas ta sunkuya tana bubbuga kumatunta, tana cewa, "Rahmatu, Rahmatu, buɗe ido." Ko motsi ba ta yi ba. Nas ta ƙara ɗaga murya, ta dubi ƙarin ruwan, ta dube ni, na ga damuwa ta fara shiga fuskarta.

Na ce ta ba ni wuri. Na sunkuya daidai kunnenta, yadda babu mai ji sai ita.

"Haulat," na ce. "Tashi. An cire."

Ta buɗe ido.

"Muryar miji daban ce," in ji nas, ta rubuta wani abu a fayil ta wuce gado na gaba.

Haulat ta motsa leɓe. Na kai kunne.

"Ruwa," in ji ta.

"Sai gobe," na ce. Na jawo kujera na zauna.